Mai Sakin Balan-balan

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, ina teburin karɓar takardu a ofishin hasashen yanayi, wani dattijo ya shigo rungume da kwalin littattafai. Wuyansa a karkace yake, irin na wanda ya daɗe yana kallon sama. Ina jin rayuwarsa ta tafi ne wajen sakin balan-balan a wata ƙaramar tasha, yana rubuta inda iska ta kai su.

Ya buɗe littafi ɗaya, yatsansa yana bin lambobi.

"Duba, ɗana. A ƙasa iska yamma take yi, can sama kuma gabas, ta fi mota gudu. Hawa-hawa ce kamar bene. Ku adana littattafan nan, gara ta fara cin su."

"Baba, ba su da lambar fayil. Sai da wasiƙar shugaban tasharku."

Ya yi murmushi. "Ai da ni aka binne shi."

Ya ɗaure kwalinsa ya fita. Akwai wuri a kabad ɗina, amma na bar shi ya tafi.

A watan Agusta 'yarsa ta kawo takardar rasuwarsa. Ta ce littattafan suna wurin mai shago, yana ƙunshe ƙusa da su.