Hannun Labiba, Fuskar Safwana

Hajiya Labiba haihuwar Zongo ce, shekararta hamsin da huɗu, talatin daga ciki a kasuwar Missèbo ta yi su tana sayar da yadi. Ba ruwanta da tef ɗin awo. Daga kan hancinta zuwa ƙarshen yatsa yadi ɗaya ne, ta ɗan taɓa da almakashi, ta keta, kuma babu wanda ya taɓa dawo mata da ƙorafi.

Da Kassoum, ɗan ƙanwarta mai shirya finafinan da ake kallo a waya, ya ce zai yi fim a kan rayuwarta, sati uku tana ba shi labari: rasuwar mijinta, tallar kaya a kai har unguwar Akpakpa, yadda ta buɗe shago. Sharaɗinta ɗaya ne, ita za ta fito a matsayin kanta, ko da a shekarun baya-bayan nan.

Ranar ɗauka sai ga Safwana, 'yar shekara ashirin da biyu, an naɗa mata ɗankwali irin na Hajiya. Wai ita ce Labiba tun daga ƙuruciya har zuwa yau. Ita kuwa mai labarin, aka shafa mata hoda a gira, aka ce ta zauna a lungu ta yi tari sau biyu.

"Tanti, mutane ba sa tsayawa kallon manya," in ji Kassoum, ko kunya babu. Matar da ta biya masa kuɗin karatu a lakwal!

Aka zo wurin awo, Safwana ta kasa. Ta ja, ta murɗe, ta ɓata yadi huɗu. Hajiya ta fizge, ta auna, ta keta cikin fushi. Ashe kyamara na kan hannunta.

Ranar da aka nuna fim ɗin a tsakar gidansu, matan kasuwa suka cika tabarmi. Ga yatsu masu kanta da tabon almakashi suna keta yadi, sai hoto ya ɗago kan fuskar Safwana tana murmushi.

"Wannan ai hannun Labiba ne," in ji Karimatou, maƙwabciyarta a kasuwa.

Ranta a ɓace Hajiya ta jira jerin sunayen 'yan wasa a ƙarshen fim ɗin, ta bi su da yatsa har ƙasa. Sunan Labiba na can sama, a gaban na Safwana. Ita kuma an rubuta mata: tsohuwa mai tari.