Tsohuwar Gadar Kubanni da Motar Auduga

Jama'a, abin nan da zan faɗa muku, wallahi tallahi a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba, wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya sha zamansa. Lokacin Turawa ba su daɗe da kama ƙasa ba, motocin Zariya kaf ba su cika yatsun hannu ba, ni kuwa ina saurayi a Tudun Wada, ina tuƙa wa wani Kwara, wato Balaraben Sham mai sayen auduga, babbar mota mai bodin katako. Aikina in kwaso auduga daga ƙauyuka, in haye gadar Kubanni, in kai ta gidan gurza, inda ake cire mata iri. Direbobin zamanin duk mutanen Kudu ne, ni kaɗai ne Bahaushe, ana ta yi min dariya wai mu sai dai korar jaki. Maganar nan tana ci min rai ƙwarai.

To, motar nan in ta sami fili lafiya lau take gudu, amma da mun iso gada, inda jakuna da takarkarai da raƙuma ke cunkushewa da kaya, ana tafiya taku-taku, sai injin ya ɗau zafi, lagireto ya hau tafasa kamar tukunyar ɗanwake, tururi ya turnuƙe, ta mutu a tsakiyar mutane. Masu jakuna su ce, "Malam direba, ko a ɗaura mata jaki ne?" Da abin ya yi yawa Kwaran ya ce in ta ƙara tsayawa a gadar nan in sauka, zai ɗauko ɗan Ikko ya ba shi.

Duk ranar da ta tsaya kuwa, da rana tsaka, sai in ga wata tsohuwa a bakin gada da tulu a ka, zaninta jiƙe sharkaf, alhali rabonmu da ruwan sama tun kaka. Abin da ya fara ɗaure min kai, dabbobi kauce mata suke yi, mutane kuma ba mai gaishe ta, kun dai san a Zazzau ba a wuce tsohuwa haka. Rannan ta matso ta ce, "Ɗana, motarka ƙishi take ji. Zuba mata nawa, ba za ta ƙara zafi ba har abada." Na ce, "Inna, me za a ba ki?" Ta ce, "Ba komai. Abin da ta fara takawa a kan gadar nan, shi ne nawa."

Kai! Tsigar jikina ta tashi, amma haushi ya fi tsoron yawa. Na ce, "Inna, riƙe ruwanki. Wannan ƙarfe ne, mutum ya ƙera shi, mutum zai gyara shi."

Na koma gida na zauna na yi tunani: me ke akwai a fili wanda babu a cunkoso? Iska ce. In motar tana gudu iska na ratsa lagireto, in tana rarrafe kuwa sai abin da fanka ta jawo. Da safe na buɗe ta a ƙofar gidanmu, ashe ƙurar auduga ta toshe ramukan lagireton tam, ta zama kamar matashin kai, bel ɗin fanka na fata kuma ya saki, sulɓewa kawai yake yi. Na sa tsinken tsintsiya na tsokale ramukan ɗaya bayan ɗaya, na wanke cikinsa har ruwan ya fito garau, na kai wa baduku bel ɗin ya rage shi ya ɗinke. Sannan na cika lagireton da ruwan rijiyar gidanmu, da hannuna na tace shi da farin ƙyalle, na ɗaure murfi tamau. Ku riƙe wannan.

Washegari cunkoson ya fi na kullum, muna ta rarrafe, amma ko alamar tururi babu. Na ce yauwa, yau ina masu jakuna? Sai ga tsohuwar, tulun a kife a kanta, ba komai ciki. Ta ɗora tafin hannu a kan motar, ta dube ni, ta yi murmushi, na wuce abina.

Da na isa gidan gurza na taɓa lagireto, na ji shi sanyi ƙalau kamar randa, motar da ta wuni tana aiki! Na kwance murfi na leƙa. Na rantse da Wanda raina ke hannunsa, ɗan kifi ne a ciki, tarwaɗa kamar ɗan yatsa, da ransa, yana juyi.

 Nan take na tsiyaye ruwan nan kaf a ƙasa, na sa kifin a kwano, na taka da ƙafa har gada, na watsa shi cikin kogi, na ɗaga murya na ce, "Ga kayanki! Ban roƙa ba, ban karɓa ba, ban yi alkawari ba!" Mutane suna kallona kamar na zautu.

Kwaran bai kore ni ba, na yi shekaru ina tuƙa motar, ban ƙara ganin tsohuwar ba, kuma ko kaza ban taɓa takawa a gadar nan ba. Sai dai duk sanda na hau ta, sitiyari kan riƙa fizga da kansa zuwa wajen duk wanda ke tafe a gefe, ni kuma in danne shi da hannu biyu ina salati har in sauka. Makanikai sun duba sun rasa dalili.

Saboda haka in motarku ta yi zafi a cunkoso, ku duba lagireto da bel, kada ku buɗe murfi tana tafasa. Wanda kuma ya miƙo muku ruwa a bakin gada, ku dubi zaninsa tukuna. Ni dai har yau, ko a ƙafa nake, in na hau gadar Kubanni sai na ji hannuwana sun dunƙule.