Rabin Addu'ar Kakana

Duk sanda na bi ta maƙera a kasuwar Kazaure, ƙaurin gawayi da na jan ƙarfe ya buge ni, sai in tsinci kaina a ƙauyenmu na ƙasar Roni, ina yarinya, a shekarar da soja suka ce za su miƙa wa farar hula mulki. Ka yi haƙuri da ni, mai karatu. Ni tsohuwa ce, kuma ba na ɓoye cewa har yau ban saki jiki da 'yan jarida ba.

Kakana ba shi da sarauta, ba kuma malami ba ne. Dattijo ne kawai wanda zaurensa ba ya rabuwa da baƙi. Al'adarsa ita ce duk wanda ya zauna a tabarmarsa ya sha ruwan randarsa, ba zai tashi ba sai ya yi masa addu'a a bayyane, ko Bafulatani ne mai wucewa da shanu, ko falke mai nufin Babura. Ni kuwa uwargida yake kirana, yana tsokanata wai tuwona ba ya nuna, ni ma in rama da cewa ba shi da haƙoran da zai gane.

Amininsa maƙerin garinmu ne, tare aka yi musu kaciya. Kowace bazara maƙerin zai ƙera sabuwar garma ya kawo da kansa, in kaka ta yi kuma kakana ya aika masa da damin gero na farko. A siyasar farko, bayan samun 'yancin kai, an taɓa ɗaure maƙerin aka yi masa bulala saboda jam'iyyar da yake bi. In ya tuɓe riga a bakin wuta muna ganin tabon. Kakana shi ba ya siyasa. Yana cewa mulki na Allah ne, kuma duk abin da zai raba maƙwabta bai amince da shi ba.

Da yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa ya kankama, sai motoci masu lasifika suka fara shigo mana. Kuɗin mai ya zo, ana rabon atamfa da sabulu. 'Yan jam'iyyar maƙerin ne suka fara zuwa gaisuwa, kakana ya yi musu addu'a suka tafi, ba wanda ya ɗauki labarin. Bayan su sai ɗaya ɓangaren, waɗanda maƙerin yake ɗauka magadan masu yi masa bulala. Su sun taho da wani saurayi ɗan gidan rediyo, rataye da akwatin ɗaukar magana. Ina laɓe a ƙofar cikin gida na ji kakana ya faɗa musu abin da ya faɗa wa na farko:

"Allah ya ba ku nasara in ku ne alheri ga talakawa. In ba ku ba ne, Allah ya ba wanda ya fi ku."

Ba a daɗe ba, wata rana bayan la'asar, maza suna zaune a gindin rediyon wani mai tebur, sai mai gabatarwa ya ce dattawan ƙasar Roni sun yi wa ɗan takarar ɗaya ɓangaren mubaya'a. Sai ga muryar kakana tar: "Allah ya ba ku nasara." Daga nan kiɗa ya ɗauka. Haka aka riƙa maimaita shi har ranar zaɓe.

Mu a lokacin ba mu san ana yanka murya kamar yadi ba. Babana ya je maƙera don ya yi bayani. Maƙerin bai ko ɗago kai daga aikinsa ba, ya ce:

"Ɗana, da wani ne ya kawo mini, da na ƙaryata shi. Da kunnena na ji."

Waɗanda ke zauren ranar duk 'yan jam'iyyar ne, kuma abin ya yi musu daɗi, suka yi gum. Ni kuwa wa zai saurari yarinya? Aka roƙi kakana ya taka da kansa, ya ƙi. Ya ce in zaman da suka yi tun ƙuruciya bai isa shaida ba, rantsuwarsa ma ba za ta isa ba. Babana ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota zuwa gidan rediyon a Kano, ya roƙi a saka sauran maganar. Suka ce sun riga sun ɗora wani shiri a kan kaset ɗin, wani ma har da dariya.

Ruwa ya sauka, garma ba ta zo ba. Babana ya sayo wata a Babura, kakana ya juya ta a hannu ya jingine ta. Da aka yi girbi ya sa aka ɗora damin gero a jaki kamar kullum. Kafin magariba jakin ya dawo da kayansa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗa kamar ta kakana a ranar ba.

Maƙerin ya rasu cikin sanyin shekarar. Ba a aiko gidanmu ba, a bakin mutane muka ji. Kakana ya je, ya tsaya a sahun ƙarshe, shi da ya kamata ya yi masa wanka. Baƙi ba su daina zuwa zaure ba, ruwa ma ba a daina ba su ba, amma in za su tashi sai dai ka ga leɓunansa suna motsi.

Yanzu kowa ɗan jarida ne, akwatin yana aljihun kowane yaro. In zaɓe ya matso jikokina suna nuna mini guntayen maganganu a waya, wai ga abin da wane ya ce. Nakan tambaye su me ya faɗa bayan nan, su ce na cika tsohon yayi. Na yarda.

Bara da za a kai babbar jikata ɗakin miji, ta durƙusa gabana ta ɗaga waya, wai in sa mata albarka ta ajiye muryata. Na ce ta kashe ta matso. A kunne na yi mata addu'ar, tun daga farko har ƙarshe.