Ɗorawar Inna a Gonar Wani

A shekarun da damina ta riƙa yi mana rowa, ina koyarwa a firamaren garinmu, arewa da Ɗanbatta. Ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, kaina ya kumbura da Turanci, duk takardar da ta shigo gari ni ake kira in karanta. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba.

A wajenmu gona daban, itace daban. Mutum zai sayar da gonarsa ya riƙe bishiyar da ke ciki, ko a raba gado wani ya sami ƙasa, wata ta sami kuka. Haka mahaifiyata, Inna, ta gaji ɗorawa guda daga mahaifinta, a tsakiyar gonar da wani mahauci ya saya daga hannun 'yan'uwanta. Inna ba ta da ko taki ɗaya na ƙasa, kuma Baba ya riga mu gidan gaskiya. Ɗorawar nan ce gonarta. Idan ta nuna a kaɗo, garin a yi kunu, kalwar ta dafa ta yi daddawa. A shekarun da gero ya ƙi, daddawar Inna ce ta riƙe gidanmu, don albashina sai ya ga dama yake zuwa.

Wata Laraba da hantsi mota ta tsaya a bayan gari, inda itatuwa suka fi yawa. Mutum uku suka fito, suka bi manyan itatuwan suna shafa musu farin fenti a gindi, har da ɗorawar Inna. Suka bar wa dagaci takarda suka tafi, ko ruwa ba su sha ba. Wannan ƙin shan ruwan ma sai da aka tattauna shi a ƙofar masallaci.

Bayan la'asar dagaci ya tara mutane, ya miƙo mini takardar. Ƙaramar hukuma ce ke son yin abin da takardar ta kira "park" a wurin. Na gyara murya na ce wani fili ne mai itatuwa da ake keɓewa a birane, a share, a sa bencina, mutane su zo su sha iska.

"Iskar ƙarewa ta yi a gida?" in ji wani tsoho. Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba.

Dagaci ya ce, "Malam, faɗa mana gaskiya. Gandun daji ne suka sake wa suna?"

Kowa a nan ya san gandun daji, ya san yadda malamin daji ke kama mutum saboda ƙirare. Na ce a'a, wannan na jama'a ne, na kowa da kowa. Mahaucin nan ya tambaya ko ana noma a ciki. Na ce ba a yi. Ana sara? Ba a yi. Ana tsinkar 'ya'yan itace? Nan ne ya kamata in ce ban sani ba, don takardar ba ta faɗa ba, ni kuma ban taɓa taka irin wurin ba, a littafin karatu na gan shi, da hoton Bature da karensa. Amma malamin makaranta ya ce bai sani ba a gaban gari guda? Na ce ba a tsinka.

Kafin mako ya zagayo an gama shawara: itatuwan ne suka jawo idon hukuma, idan babu su ba mai son filin. Masu sayen itace daga Kano kuwa kamar an buga musu waya, sai ga motocinsu. Aka kayar da gawo, aka kayar da tsamiya da kanya. Har yau ina zargin wani ne ya kira su.

Inna ta ƙi. Ɗorawar ta yi fure ja a lokacin, saura 'yan makonni ta ba da 'ya'ya. Mahaucin ya riƙa zuwa zaurenmu kullum, mutumin da ko gaisuwar salla ba ya kawo mana. Wai idan aka bar bishiya ɗaya mai fenti, ita za ta ja wa kowa. Wai tausayin Inna yake ji, gara ta sami kuɗin itacen da a ƙwace a banza. Ni dai na san ya daɗe yana ƙorafin inuwar ɗorawar na kashe masa gero. Raina ya ɓaci da shi, amma da wane baki zan musa, bayan da bakina na faɗa?

Ran nan da safe Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Kai malamin Turanci. Abin nan da ka ce na kowa ne, za su bar ni in kaɗa?"

Na ce, "Inna, a yadda aka saba, ba a bari."

"A yadda wa ya saba?"

"Haka yake a littafi."

Ta karkaɗe rariyar. Ta ce, "To, ka gaya wa mahaucin su zo."

Ba ta je wurin ba. Ni na tsaya har ɗorawar ta faɗi, furen ya watsu a kan kunyoyi, awaki suka taru suna ci.

Bayan wata biyu motar masu fentin ta dawo. Babbansu ya fito, ya dubi kututture, ya riƙe ƙugu. Ya ce saboda itatuwan aka zaɓi wurin, tunda babu su magana ta ƙare. Masu gonaki suka riƙa gaisa juna a hankali, sun tsira da ƙasarsu. Mahaucin har tsire ya raba da yamma.

Kafin motar ta tashi na ja jami'in gefe, na tambaye shi da Turancin nawa ko da za a hana masu itatuwa ɗiban 'ya'yansu. Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ya koma Hausa ya ce, "Wa zai hana su? Bencina shida ne da allo. Ko mai gadi ba mu da shi."

Ko gaskiya ya faɗa, ko don abin ya wuce ne, Allah ne masani. Mutanen garin da suka jiyo shi sun ce ƙarya ce, da haka ake farawa. Na so ƙwarai in yarda da su.

Da na shiga gida Inna tana wanke tukunyar da take dafa kalwa, za ta ba maƙwabciya aro. Ta ce, "An ce ka yi magana da shi. Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce da an hana."

Ta ce, "Ai ka faɗa mini. Da ban yarda da kai ba, da na yi asarar itacen ma."