Tsokar Huhun Mijina a Firigon Ƙanƙara

A shekarun da tawaye ya rufe hanya, ni mai sayar da ƙanƙara ce a Arlit, Badamagariya mai kafiya da saurin zargi. Kasuwar uranium ta faɗi, fari ya kore makiyaya cikin gari, firigona ne ke ciyar da mu. Mijina ya daɗe yana aiki a ramin ma'adinai, tari ya cinye shi har ya rasu. Kafin a yi masa wanka likita ya roƙi a bar shi ya ɗebi 'yar tsoka daga huhunsa, a aika Yamai a gano abin da ya kashe shi. Uwar mijina ta ce ba za a taɓa gawar ɗanta ba. Ni na durƙusa ina kuka har ta yarda, don ina da yara, ina so in san abin da zan gaya musu.

Aka sa tsokar a 'yar kwalba, aka ajiye a firigon ɗakin gwaji ana jiran ayarin da soja ke rakawa. Sai firigon ya lalace. Ma'aikacin wurin ya ce zai nemi inda zai kai ta, ni kuwa na riga na sha jin ana raɗa cewa irin waɗannan kwalabe ɓata suke yi. Na tsaya kai da fata sai ya ba ni. Ya ce nasu sanyinsa digiri tamanin ne ƙasa da sifili, nawa da ƙyar yake kai ashirin, kuma ba zai riƙe ba. Na ce masa sanyi ai sanyi ne, ni da ke daskarar da ruwa ya zama dutse. Na naɗe ta a leda na tura ƙarƙashin ƙullin zoɓo. Yini ake ana buɗe murfin, a ɗauke wuta a maido, ni kuwa in na taɓa na ji tauri sai hankalina ya kwanta.

Ranar da hanya ta buɗe na kai wa ma'aikacin kwalbar da alfahari. Ya ɗaga kwalbar a haske, ya nuna mini jan ruwa da ya daskare a gefe guda. Ya ce ta narke ta sake daskarewa ba adadi, naman ya dagargaje, babu abin da za a iya gani a ciki. Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba. Ƙanen mijina ya karɓi tsokar ya binne kusa da kabarin, uwarsu ba ta ce mini uffan ba har ta koma ga Allah.

Na koyi cewa taurin abu a hannu ba ya nuna yana nan lafiya, kuma zargi ya sa na toshe kunne ga wanda ke gaya mini gaskiya. 'Yan'uwa, in an ce abu na buƙatar sanyin ɗakin gwaji, kada ku kai shi firigon gida, ku tsaya ku sa ido a inda ya dace. Yarana sun girma, babbansu ma ya shiga aiki a ramin. Duk sanda ya tambaye ni abin da ya kashe babansa, sai in ce tari.