Sabon Akwatin Kaka

Tun da aka fara saye da sayarwa a bayan ƙasa, ba a ɗora wa ɗan Adam tambaya mai nauyin wannan ba: sabo ko na hannu? Masana sun cika littattafai a kan mulki da tafiyar taurari, amma na daɗe ina ganin a kan wannan tambayar ce halin mutum yake fitowa fili. Ni an ɗora mini ita tun ina firamare, na kuma yanke hukunci da hanci.

Wata 'yar ƙara ce ta tayar da zancen. Kwanan baya 'yata, wadda ke karatun zane a jami'a, ta shigo gida da tsohuwar kyamara mai ƙafa uku da baƙin mayafi, irin wadda nake zaton ta bi masu ita kabari. Ta zare murfin akwatin fim, ya yi wani "shiii" a hankali, kamar an ja labule a ɗakin da jariri ke barci. Kafin ta mayar da shi, ni na riga na koma Panshekara ta Kano, inda na tashi.

A lokacin kamfanonin Challawa da Sharada suna numfashi. Jiniya ce ke yanka mana yini, ba agogo ba. Da ta yi kuka sai titi ya cika da kekuna, iska ta kwaso warin majema, wanda mu 'yan unguwa muka daina ji, sai dai mu gan shi a fuskar baƙo. Baba yana aiki a masaƙa. Ƙaninsa, Baffa, mai hoto ne. Yakan kafa kyamararsa a gindin darbejiya kusa da ƙofar kamfani, yana ɗaukar ma'aikata: na katin aiki, na ranar ƙarin girma, da na aikawa ƙauye don a ga birni ya karɓi mutum.

Idan mai karatu bai san akwatin fim ba, ba laifinsa ba ne. Siririn abu ne na katako, bai kai allon karatu ba, fuska biyu, kowace da murfin da ake zarewa. A cikin duhu ake sa masa fim, a cusa shi a bayan kyamara, a zare murfin, a ɗauka, a mayar. Duk aikinsa a duniya shi ne ya hana haske shiga sai an ce ya shiga. Na Baffa duk na hannu ne, ya rubuta wa kowanne lamba da farin fenti, ya kuma san halinsu kamar 'ya'yansa. Wannan yana yoyon haske ta kusurwa, sai an kare shi da tafin hannu. Wancan murfinsa yana cijewa da damina. Yakan ce shi bai yarda da sabo ba, don ba a san abin da ya ɓoye ba, waɗannan kuwa sun gama nuna masa aibinsu.

Wata bazara Kaka, mahaifiyarsu, ta zo daga ƙauye neman maganin yanar ido. Ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba, ba ta kuma ga dalili ba. Baba ya yi ta lallashi, yana cewa ko don jikokin da ba a haifa ba su san fuskarta. Ta ce wanda ya halicci fuskar ya san ta. Da ƙyar dai ta yarda a kawo kayan ta taɓa. Ta shafa akwatin fim ɗaya da yatsu, ta juya shi.

"A cikin nan fuskar mutum take kwana?"

"E, Inna," in ji Baffa, "har a wanke."

"Su wa suka kwana a wannan?"

Baffa, da yake bai hango ramin ba, ya shiga lissafi da alfahari: masaƙa, majema, direbobi, masu gadi.

Ta ajiye shi a hankali, ta goge hannu a zane. "To ni da na yi takabar ubanku na gama, ba za a shigar da ni makwancin ƙartin kamfani ba. A nemo sabo."

Baffa ya yi bayani cewa ai fim ɗin ake sakewa kowane lokaci. Ta ce tabarma ma ana sakewa, ɗakin dai ɗaya ne.

Nan aka tsaya. Baffa ya hau keke ya zaga Sabon Gari, ya je har Bompai wurin wani da aka ce yana kawo kayan hoto, ya dawo da gumi kaɗai. Sabo sai an aika Legas. Ga shi hadari ya fara taruwa a gabas da la'asar, Kaka kuwa ta faɗa tun ranar da ta zo cewa ruwan farko ba zai bushe tana Kano ba, tana da gonar da ke jiran iri. Kullum da yamma takan ɗaga hanci ta shaƙi iska, ta ƙara ɗaure ƙullin kayanta. Kowa a gidan ya san in ta tafi, da wuya ta dawo.

Rannan da azahar Baffa ya shigo da wani abu a naɗe cikin farar takarda. Ya warware a gabanta. Baƙi wuluk, yana sheƙi, har ana ganin sararin sama a jikinsa. Kaka ba ta ko miƙa hannu ba. Ni ta kira.

"Maigidan, zo nan. Waɗannan biyun ni na haife su, na san bakinsu. Kai ne ba ka ƙware ba tukuna. Duba mini."

Na karɓa da hannu biyu, kamar alƙali ya karɓi shari'ar gado. Babu lamba, babu tabo. Na kai hanci. Wani ƙamshi ya bugo ni, irin na safiyar Sallah, lokacin da kowa ke shirin fita idi.

"Sabo ne fil," na ce.

Baffa yana can yana gyara ƙafar kyamarar da ba ta karkace ba.

Aka shimfiɗa darduma a jikin katanga, Kaka ta zauna da farin mayafi, carbi a hannu. Baffa ya ɗaga ni ya sa kaina a ƙarƙashin baƙin ƙyallen, ladan alƙalanci. Har yau ban ga abin da ya kai wannan ba. Duniya ta ƙanƙance ta koma kan gilashin bayan kyamarar, a kife. Kaka tana rataye daga ƙasa, kanta yana nutsewa cikin hadari, mayafinta yana motsi kamar a ƙarƙashin ruwa, wata kaza ta wuce ta samanta ƙafafu a sama. Jiniyar kamfani ta yi kuka daga nesa, na ji ta kamar daga wani gari.

"Ku yi sauri," in ji ta, "ina jin ƙamshin ruwa."

Baffa ya cusa akwatin. Shiii.

Da yammar nan aka yi ruwan farko. Washegari ta hau mota, ba ta kuma sake ganin Kano ba. Hoton ya fito tas, ko ɗigon haske bai ɓata shi ba, shi ne yake rataye a falon kowannenmu. Jikokin da Baba ya yi wa roƙo sun san fuskarta.

Na yi shekaru ina koyarwa, kuma babu ajin da ya tsira daga wannan labari. Da shi nake nuna wa ɗalibai cewa mutuncin babba sabon abu ya cancanta, komai wuyar samu. Yanzu yawancin ƙofofin kamfanonin nan a garƙame suke, awaki na kiwo inda kekuna ke jeruwa, darbejiyar Baffa an sare ta an kafa rumfar cajin waya. Kowa yana ɗaukar kowa hoto, babu mai tambayar inda fuskarsa za ta kwana, ko da su wa.

Don haka da 'yata ta tambaye ni ko ta haƙura ta sayi sababbin akwatuna ko ta nemi na hannu, na gyara zama. Na ba ta labarin tun daga jiniya. Sannan na shiga ɗaki na ɗauko mata shi kansa akwatin, wanda Baffa ya bar mini da ya rasu, har yanzu a cikin farar takardarsa. Ta kai shi bakin taga, ta karkata shi ga haske, ta kankare kusurwa da farce.

"Baba, mene ne wannan fari-farin?"

Lamba huɗu ce, wadda Baffa ke ɗaukar masu gadi da ita. Baƙin kuma man takalmi ne.