Gonar da Ummaru Yake Kayar da Ni

Shekara bakwai ke nan da rasuwar taubashina Ummaru, mutumin Maradun, kuma har yau ban daina kishinsa ba. Na faɗa, kowa ya ji.

Tare muka koyi harkar rediyon magana, tare muka sami lasisi. Idan tauraron ɗan'adam zai gitta samaniyar Talata Mafara, sai mu ɗaga eriya da hannu muna bin sa, mu gaisa da mutanen wasu ƙasashe kafin ya ɓace cikin 'yan mintoci. A gasa, kowace gaisuwa maki ce. An kuma yanka duniya gida-gida a taswira, wanda ya samo sabon gida makinsa ya ninka.

Kayana sun fi nasa kyau nesa ba kusa ba. Eriyarsa da sandar tabarya ya haɗa ta. Amma ɗan banzan wayo ya gano cewa layin da ya raba gida biyu ya ratsa wata gonar gero a hanyar Bakura. Can yake zuwa a babur ya tsaya daidai kan layin, duk wanda ya same shi ya sami gida biyu a kira ɗaya. Sai duniya ta yi masa caa, ni kuwa ina kan soro ina ta kira kamar mai tallar da ba a saye.

“Zamna bisa soro da kayanka masu tsada,” in ji shi. “Ni na tahi gona in ci ka.”

Da yana raye, ban san me zai ce da yaran yanzu da kwamfuta ke juya musu eriya ba. Wataƙila dariya zai yi, ya kuma kayar da su.

Bara na daure na je gonar, da niyyar ko sau ɗaya in wuce makinsa. Tauraro na ɓullowa na yi kira, na ambaci gidajen nan biyu da aka san Ummaru da su. Wani dattijo daga ƙetare ya amsa da murna: “Ummaru! Ina ka shiga?” Wani ma ya shigo, shi ma Ummaru yake nema.

Lambar lasisina kawai ta rage in faɗa in kwashi maki. Sai na tsinci kaina ina sanar da su rasuwarsa, suna ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya, har tauraro ya faɗa bayan itatuwa. Ko maki ɗaya ban samu ba.

Allah Ya jiƙanka, Ummaru. Kana kwance a kabari, ka sake cinye ni a gonarka.